Ruwan Kamaru ba ya zuwa Kafin Hausa

Da zarar Agusta ya kama sai saƙon murya ya fara yawo a WhatsApp: Kamaru za ta buɗe madatsar Lagdo, kowa ya yi ta kansa. Za ka ji ana maimaita shi a kasuwar Kafin Hausa da teburin mai shayi a Dutse, har a bakin waɗanda suka yi boko mai zurfi. Lagdo dai tana nan, kuma idan aka saki ruwanta ana jin jiki. Sai dai a kan kogin Binuwai take. Ruwanta ta Adamawa yake shigowa, ya ratsa Taraba da Binuwai, ya haɗu da kogin Neja a Lakwaja, ya gangara teku. Ko cokali ɗaya ba ya hawowa Jigawa. Namu kogin, na Haɗeja, daga ƙasar Kano yake tasowa, inda aka tare rassansa da madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ya bi ta Wudil da Ringim da Haɗeja ya nufi Yobe.

Jita-jitar tana da daɗin ji ne saboda ta ɗora laifin a kan baƙo na nesa. A Agustan 2022 hukumar agajin gaggawa ta jiha, SEMA, ta ce mutum 50 ambaliya ta kashe a Jigawa, kuma Kafin Hausa na cikin inda abin ya fi ƙamari. A Bulangu da ke Kafin Hausa gidaje sama da 200 suka zube. Ruwan sama ne aka yi ta sheƙawa, ginin ƙasa ya sha ya ƙoshi, gindin katanga ya jiƙe, ta zauna.

Ruwan saman ne kansa ya sauya hali. Duk lokacin da zafin iska ya ƙaru da digiri ɗaya, tururin da take iya ɗauka yana ƙaruwa da kusan kashi 7 cikin ɗari. Tana zuƙe laimar gona da sauri, idan kuma ta tashi saukewa sai ta juye da yawa lokaci guda. Shi ya sa manomi zai ce maka an yi ruwa sosai bana, amma gero bai yi ba, kuma duka biyun gaskiya ne. Kamar a ɗura wa yaro abincin mako a zama ɗaya ne, sannan a bar shi kwana shida ba ko loma: a lissafi ya ci rabonsa. Ka duba gonar riɗi bayan ruwa ya kwana biyu a kwance cikinta, ganye ya yi rawaya, ka tuge ɗaya ka ga saiwa ta ruɓe. Takin da aka ci bashi aka zuba ya bi ruwa. Bayan nan sai fari na mako biyu ya faɗo daidai lokacin da gero ke fitar da kai.

Masanan World Weather Attribution da suka bincika daminar 2022 a wannan yanki sun ce ɗumamar duniya ta ninka yiwuwar irin wannan ruwa kusan sau 80. A shekarar mutum fiye da 600 suka rasu a ambaliya a Najeriya. Namu sakacin ma yana ciki, don ciyawar kacala ta toshe hanyoyin kogin Haɗeja shekara da shekaru, mu kuma muna gini a kan hanyar ruwa muna cika kwalbati da leda.

Abin da ya fi damuna ma, wato zafi, ba a yin saƙon murya a kansa, saboda ba ya rushe gida. A Nuwamban 2023 a Haɗeja gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da noman alkama na rani, kuma Jigawa ce ake tinƙaho da ita. Alkama kuwa 'yar sanyi ce, da hunturu take rayuwa. Idan zafi ya riske ta tana cika ƙwaya, sai ta motse, zangarniya ta yi kyau a ido, a sussuka a ga buhu ba nauyi. Haka ta faru a Indiya: zafi ya sauko da wuri a Maris na 2022, a watan Mayu gwamnati ta hana fitar da alkama. Ƙasa irin tamu da ke sayo mafi yawan alkamarta daga waje, a farashin burodi da taliya take jin irin wannan labari. Sannan 2024 ta zo ta zama shekara mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi.

Duk shekara hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina, ranar saukar ruwa da ranar ɗaukewarsa da inda ake tsoron fari. Ana taro a Abuja, a yi jawabi da Turanci, a ɗauki hoto. Manomin Kafin Hausa da zai yanke shawara ko ya shuka irin gero mai saurin nuna, sau da yawa bai ji ba sai bayan ya binne irinsa. Mai alkama kuma idan iri da takin tallafi suka iso shi a ƙarshen Disamba maimakon tsakiyar Nuwamba, an riga an tura amfaninsa cikin zafin Maris tun bai yi ban ruwan farko ba.