Uwar Allon Tsohuwar Kwamfuta: Saitinta, Ƙarin Ƙarfinta da Gano Cutarta

1. Gabatarwa

A makarantu da kwalejojin horon malamai a kan tarar da ɗaki guda an jibge tsofaffin kwamfutocin tebur a ciki, ƙura ta lulluɓe su, an ce sun mutu. In an bincika kuwa, sau da yawa abin da ya kwantar da su bai taka kara ya karya ba: ko batir ne ya ƙare, ko wani kati ya goce daga gurbinsa. Makarantar da ba ta da halin sayen sabuwa, rashin tsohuwar a gare ta rashin darasi ne ga ɗalibai. Nufin wannan maƙala shi ne ta bayyana babban allon da ke cikin irin waɗannan na'urori, musamman na zamanin Pentium 4 da Core 2 Duo, watau waɗanda aka ƙera daga 2001 zuwa wajen 2008. Abin da za a nuna shi ne, allon nan ba bebe ba ne, ya kan faɗi cutarsa ga wanda ya san harshensa.

2. Suna da sassa

Masu gyara a kasuwa su kan ce madabod, ko bod a taƙaice. A nan an zaɓi a ce uwar allo, gama Hausa ta saba kiran babban abu uwa a cikin 'yan'uwansa, kamar uwar garke da uwar kuɗi. Sunan ya dace, domin a jikinta a ke dasa sauran sassa duka, ta nan kuma su ke samun wuta, su ke aika wa juna saƙo.

Kamfanin IBM ya fito da kwamfutarsa ta tebur a 1981, da allo mai guraben kati biyar. A 1995 kamfanin Intel ya tsara fasalin da a ke kira ATX, wanda mafi yawan allunan da a ke magana a kansu suka bi. A bisa irin wannan allo akwai soket, watau mazaunin furosesa, wadda ita ce mai yin lissafi. Akwai guraben ram, inda a ke riƙe aikin da ke hannu muddin akwai wuta. Akwai guntaye biyu masu raba zirga-zirga, gadar arewa da gadar kudu. Ta arewa tana tsakanin furosesa da ram da katin hoto, ta kudu tana kula da faifan ajiya da sauran ƙofofi. Sa'an nan akwai ɗan guntun da ke ɗauke da BIOS, umurnin farko da na'ura ke bi tun kafin ta san akwai Windows.

3. Saiti

Saiti iri biyu ne, na hannu da na cikin BIOS. Na hannu da 'yan huluna a ke yinsa, watau 'yan robobi masu ƙarfe a ciki waɗanda a ke kifawa bisa allurai biyu su haɗa su. Turancin sunansu ya riga ya shigo Hausa tun da daɗewa da ma'anar riga, watau jamfa, don haka 'yar hula ta fi kawar da ruɗani. Mafi muhimmanci a cikinsu ita ce ta share saiti. Galibi allurai uku ne. Hular tana zaune bisa ta 1 da ta 2. In saiti ya rikice har na'ura ta ƙi tashi, sai a zare wayar wuta daga bango, a mai da hular bisa ta 2 da ta 3 na 'yan daƙiƙoƙi, kana a komar da ita. Tsofaffin faifan ajiya masu faffaɗar igiya mai allurai 40 su ma suna da huluna, domin igiya ɗaya tana ɗaukar faifai biyu, tilas ne a sa ɗaya ya zama na gaba, ɗaya na baya. In duka biyu suka yi da'awar gaba, mai yiwuwa ne na'ura ta kasa ganin ko ɗaya.

Saitin BIOS kuwa a kan shiga shi ta danna Del, ko F2, ko F10, da zarar an kunna. A can a ke gyara kwanan wata, a ke kuma faɗa wa na'ura faifan da za ta fara nema. Wannan saiti wani ɗan batir mai kamar kwabo ne ke riƙe da shi, lambarsa CR2032, ƙarfinsa bolt 3. In ya ƙare, kullum aka kunna sai agogo ya koma shekarun baya, shafukan intanet masu tsaro kuma su ƙi buɗewa saboda kwanan watan ya saɓa wa shaidarsu.

4. Ƙarin ƙarfi

Ka'ida ta fari ita ce, shiga gurbi ba shi ne dacewa ba. Soket 478 ya fito a 2001, LGA 775 kuma a 2004, wanda a cikinsa allurai suka tashi daga jikin furosesa suka koma jikin soket. Core 2 Duo ta 2006 tana zama daram cikin LGA 775, amma allon da gadarsa ta arewa Intel 915 ce ba zai tashe ta ba. Saboda haka lalle a karanta lambar allon, wadda ke rubuce a jikinsa, a duba jerin abin da maƙeransa suka ce yana karɓa.

Ram ita ce ƙarin da ya fi araha. DDR tana da allurai 184, DDR2 tana da 240, DDR3 ita ma 240, sai dai tsagar kowacce tana wuri dabam don kada a sa wata a gurbin wata. Wadda ta ƙi shiga da sauƙi, kada a matsa mata. Har wa yau, Windows mai bit 32 iyakarta gigabait 4, a cikinsu ma abin da ta ke iya mora bai cika wuce uku da rabi ba. Tsofaffin BIOS kuma waɗansu ba sa ganin abin da ya haura gigabait 137 na faifai. In allo yana da ƙofar SATA, wadda ta fara yaɗuwa a 2003, musanya faifai mai juyawa da SSD shi ne ƙarin da mai aiki zai fi ji a hannunsa. Sabunta BIOS kuwa, kada a taɓa shi sai da larura, kuma sai da batirin ko-ta-kwana, gama in wuta ta ɗauke a tsakiyar aikin allon na iya mutuwa ɗungum.

Ya kamata a sani Microsoft ya daina yi wa Windows XP gyaran tsaro a 2014, Windows 7 kuma a 2020. Na'urar da za ta hau intanet gara a sa mata wani Linux marar nauyi.

5. Gano cuta

Duk sa'ad da aka kunna kwamfuta, BIOS ya kan bi sassa yana gwada su: furosesa, da ram, da katin hoto, da allon rubutu. In ya sami aibi tun hoto bai fito ba, ba shi da hanyar rubutu, sai ya yi magana da ɗan lasifika. Ƙararsa kuwa iri biyu ce, doguwa da gajeruwa, bambancinsu kuma yana sāke ma'ana, kamar yadda tsawon wasali ya raba gari na zama da gāri na tuwo. A yawancin alluna ƙara ɗaya gajeruwa na nufin lafiya lau.

Amma harshen nan yana da kare-kare, bisa ga kamfanin da ya rubuta BIOS. A na Award, doguwa ɗaya da gajeru biyu na nufin katin hoto, doguwa mai maimaituwa kuma na nufin ram. A na AMI ƙidaya a ke yi: gajeru uku ram, biyar furosesa, takwas katin hoto. Na Phoenix rukuni-rukuni ya ke yi da ɗan shiru a tsakani. Wanda ya fassara ƙarar AMI da ma'anar Award zai yi ta maganin sashen da ba shi da ciwo. Don haka a fara sanin mai magana kafin a fassara maganarsa.

In na'ura ta yi shiru sarai, sai a bi wannan tsari:

(a) A dubi wuta. Akwatin wuta yana ba da bolt 3.3 da 5 da 12. Babban filoginsa allurai 20 ne ko 24, akwai kuma ƙarami mai huɗu kusa da furosesa, wanda a kan manta da shi. In ba shi, fanka na iya juyawa amma hoto ba zai fito ba.

(b) A rage kaya. A cire kome, a bar furosesa da fankarta, da ram guda, da hanyar hoto. In ta tashi, sai a riƙa mai da sauran ɗaya bayan ɗaya har mai laifi ya bayyana.

(c) A tambayi allon. A cire ram duka a kunna. Allo mai rai zai yi kuka. Wanda ya yi shiru, in dai lasifikarsa na aiki, to, cutar tana jikinsa, ko a furosesa, ko a wuta.

(d) A duba da ido. Kafasita 'yan gwangwanaye ne da ke tsaye kewaye da soket suna daidaita wuta. Daga wajen 1999 zuwa 2007 an yi annobar lalacewarsu a duniya, saboda gurɓataccen ruwan da aka zuba a waɗansu. Mai lafiya kanta a shafe ya ke. Wadda ta kumbura ko ta yi tsatsa mai ruwan ƙasa ta lalace, alamarta kuwa na'ura ta riƙa daskarewa ko sāke tashi da kanta. Mai iya dalma zai musanya ta da mai awo ɗaya, ya kula da ƙafar da ke tabbatacciya da korarriya.

Yanayin ƙasar Hausa yana da hannu cikin wannan. Ƙa'idar masu lantarki ita ce, ƙarin zafi na digiri 10 ya kan rage kusan rabin kwanan irin wannan kafasita. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, zafin bazara ya zo ya tarar da ita a toshe, sai na'ura ta riƙa kashe kanta bayan 'yan mintoci. Maganinsa a hure ƙurar, a goge busasshen man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya, a shafa sabo kaɗan. Busasshiyar iskar hunturu kuma ta kan tara lantarki a jikin mutum, wanda tartsatsinsa ke iya ƙone guntu; sai a taɓa ƙarfen akwatin tukuna, a kuma riƙe kati ta gefensa.

6. Kammalawa

Sharaɗin aikin duka shi ne a sāke abu ɗaya a lokaci ɗaya, a rubuta abin da aka gani. Malamin da ya kwance allo guda a gaban aji, ya kira kowane sashe da sunan da ɗalibai za su riƙe, ya sa su saurari ƙarar su fassara ta, ya koya musu abin da sabuwar na'ura rufaffiya ba za ta nuna musu ba. Sunayen da aka kawo a nan shawara ce, bakin masu gyara da na ɗalibai ne zai tabbatar da su ko ya kawo waɗanda suka fi su.