Ƙuraje da Kumburi a Matsematsi: Asalinsu da Yadda Ake Bambance Su

Matsematsi, watau mahaɗar cinya da mara, wuri ne mai ɗumi da gumi, kuma tufafi na gugarsa wuni zubur. Saboda haka ƙuraje kan yawaita a wurin, amma kunya kan hana mutane kai kukansu ga likita. Abin da ya kamata a fara sani shi ne, kumburi a wannan wuri ba cuta guda ba ce. Ana iya kasa shi gida uku: wanda ke bisa fata, da wanda ke ƙarƙashinta, da wanda ya turo daga cikin ciki.

Kashi na farko shi ya fi yawa. Bayan an yi aski, gashi kan lanƙwashe ya koma cikin fata, ko kuwa ƙwayoyin cuta su shiga ramin gashin, sai ƙurji ya fito. In ya yi zurfi ya tara mugunya, shi ne maruru, kuma yawan dawowarsa dalili ne na a auna mutum ko yana da ciwon sukari. Makero kan yi da'ira mai ƙaiƙayi, ƙazuwa kuwa ƙaiƙayinta ya fi tsanani da dare, tana kuma bin mutanen gida ɗaya.

A cikin wannan kashi har ila yau akwai cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa. Tunjere kan fara da gyambo ɗaya marar zafi, wajen mako 3 bayan kamuwa. Gyambon kan warke don kansa cikin mako 3 zuwa 6, mai shi ya zaci ya rabu da cutar, alhali kuwa tana nan cikin jini, har ta iya taɓa zuciya da ƙwaƙwalwa bayan shekaru, ko ta kama ɗan da ke ciki. Tun 1943 aka gano cewa allurar fenisilin na kashe ta. Akwai kuma ƙananan ƙuraje masu ruwa da raɗaɗi, waɗanda kan tafi su dawo, da tsiro marar zafi wanda ƙwayar HPV ke kawowa.

Kashi na biyu shi ne kaluluwa. A ƙarƙashin fatar matsematsi akwai wasu 'yan ƙulla-ƙulla masu tace ƙwayoyin cutar da suka taso daga ƙafa ko al'aura. Don haka sartse a tafin ƙafa, ko faso da ya ruɓe, na iya tayar da kaluluwa, kuma takan sauka da zarar ciwon ya warke. Wadda ta yi tauri, ba ta zafi, ta wuce mako 2 ba ta ragu ba, musamman in akwai rama ko gumin dare, ita ce ke bukatar bincike, domin tarin fuka ko sankara na iya bayyana ta haka.

Kashi na uku shi ne ƙaba, wadda wasu ke kira gwaiwa. A nan hanji ne ke leƙowa ta wani wuri mai rauni a bangon ciki. Alamarta ita ce takan fito in an yi tari ko an ɗaga kaya, ta koma in an kwanta. Ranar da ta ƙi komawa, ga zafi ga amai, to hanjin ya shaƙe, kuma in ba a yi tiyata cikin 'yan awoyi ba ana iya rasa rai.

Ke nan akwai haɗari babba a matse kowane kumburi ko a sa masa aska, domin wanda ya tsaga ƙaba da zaton maruru ce hanji ya yanka. Ƙaramin ƙurji ya isa a tsabtace shi, a riƙa gasa shi da ruwan ɗumi, a sa tufafi marasa matsi. Amma gyambo marar zafi, da kaluluwa mai daɗewa, da ƙaba kowace iri, maganinsu na asibiti ne, kuma in cutar ta saduwa ce, wajibi ne a yi wa miji da mata magani tare.