Mazubin Harsashi: Yadda Masu Tsofaffin Libarba Ke Zaɓe a Amurka

A Amurka akwai mutanen da ke ajiye libarbar da ta haura shekara ɗari, kuma ba ado kaɗai suke yi da ita ba, suna fita da ita gasar harbi. Dokar ƙasarsu ta yarda mutum ya zuba wa kansa harsashi, saɓanin tamu. Abin da ya fi ba su wahala shi ne samun mazubin da ya dace, wato ƙarfe biyu da ake haɗewa kamar awartaki, a zuba narkakkiyar dalma ta ƙaramar kafa, ta daskare, a buɗe harsashi ya faɗo.

Asalin shahararrun mazuban nan yana garin New Haven, inda John Barlow ya kafa kamfanin Ideal a 1884. Kamfanin Lyman ya saye shi a 1925, ya kuma riƙe tsarin lambobinsa: uku na farko faɗin harsashi ne, sauran lambar siffa. Mai neman irin harsashin da aka san .45 Colt da shi, wadda ta fito a 1873, yakan nufi 454190, mai ɗan zagayen kai da ƙaramin fili a tsini, nauyinsa kusan giram 16.

To, a nan gizo ke saƙa. Colt ɗin da aka ƙera kafin Yaƙin Duniya na Biyu faɗin cikin bututunta ya kai inci 0.454, waɗanda suka biyo baya kuwa kusan 0.452. Bambancin bai wuce kaurin gashi ba, amma idan harsashi ya yi wa bindiga kaɗan, wutar albarushi takan bi ta gefensa, ta narkar da dalma ta shafe bututun da ita, saiti ya lalace. Shi ya sa gwanaye ke fara auna ramukan gangar da ke juyawa kafin su waiwayi lambar mazubi. A ganina wanda ya tsallake wannan awo ya sayi takalmi ne bai gwada ba.

Wasu tsofaffin sun fi haka rigima. Harsashin .41 Long Colt na farko faɗinsa ɗaya da kwansonsa, gindin kawai aka siranta don ya shige, man shafawa kuma yana waje, yana kwasar ƙura a aljihu. Ƙaramin .22 har yau a haka yake. Harsashin .44 Russian, wanda Smith & Wesson suka yi wa sojan Rasha a farkon shekarun 1870, shi ya yaɗa dabarar ɓoye man a cikin kwanso. Da aka so yi wa .41 haka, dole harsashin ya rame, sai aka rarake gindinsa domin ƙarfin albarushi ya buɗa shi ya kama bututu. Irin wannan rarakakken gindi ne da harsashin .455 na Webley, libarbar sojan Birtaniya tun 1887, har zamanin da suka shigo Kano da Sakkwato a 1903. Mazubinsa yana da wani ɗan sanda da ake sawa a cire a kowane zubi, aiki ne na mai haƙuri, ɗaya bayan ɗaya.

Albarushin ma yana da ta cewa. Baƙin albarushi irin na da yana barin toka mai tauri, saboda haka ana son mazubi mai zurfin tsagi wanda zai ɗauki mai da yawa, galibi kakin zuma da kitse. Siffofin zamani masu siririn tsagi ba su iya wannan hidima.

Batun ƙarfe kuwa gajere ne: mazubin kamfanonin Lyman da RCBS baƙin ƙarfe ne mai daɗewa amma yana tsatsa, na kamfanin Lee alminiyon ne mai araha da saurin ɗaukar zafi.

Mutane da yawa suna ruɗuwa da sunan Elmer Keith, makiyayin nan na Idaho, wanda wajen 1928 ya zana harsashi mai lamba 429421, mai faffaɗan kai da kafaɗa mai kaifi. Harsashi ne mai kyau ƙwarai, yana huda takardar saiti tsaf. Amma ya zo rabin ƙarni bayan bindigogin 1873, kuma wanda ke son jin abin da mutanen wancan zamani suka ji a hannunsu zai fi samunsa a tsohuwar siffa mai zagayen kai.

Dalma tana narkewa a digiri 327, ƙurarta kuma guba ce. Masu zubi na gaskiya a fili suke aiki, nesa da abinci da yara, su wanke hannu kafin su taɓa komai. Mu nan mun ga abin da ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda ƙurar duwatsun zinari masu dalma ta kashe yara sama da 400.