Shaidar Yatsa

Yara, kowa ya dubi babban yatsansa. Kun ga waɗansu ƙananan zane-zane kamar kunyoyin gona? Ko an tara mutanen Rurum da Rano da Kibiya duka, ba za a sami mutum biyu masu zane iri ɗaya ba, ko da tagwaye ne. Shi ya sa a zaɓen 2023 na'ura ta duba yatsan kowane mai zaɓe ko fuskarsa kafin a ba shi ƙuri'a.

Kullum akwai gumi da maiƙo a fatar yatsa. In mutum ya taɓa kwano ko madubi, sai ya bar siffar zanen nan a jiki, ko da ido bai gani ba. In aka barbaɗa gari mai laushi kamar kwalli, sai ya manne wa maiƙon, zanen ya fito. A shekarar 1892, a ƙasar Ajantina, wata mace ta yi kisankai ta ɗora wa maƙwabcinta. Shaidar yatsanta a jikin ƙofa ce ta tona ta, aka saki marar laifi.

Amma baƙin gari ba ya fitowa a kan baƙin abu, ko takardar kuɗi mai launi-launi. Saboda haka masana suka haɗa wani gari mai tsananin laushi. In aka raba milimita ɗaya kashi miliyan, kowane kashi sunansa nanomita. Kaurin silin gashi wajen nanomita 80,000 ne, ƙwayar garin nan kuwa ba ta wuce 100 ba. Don ƙanƙantarta takan bi layin zanen daidai, ba ta cushe shi. In an haska ta cikin duhu da irin fitilar da ake duba kuɗin jabu, sai ta yi walƙiya, kore ko ja, a ɗauki hoto. Har yanzu yawancin irin wannan gari yana ɗakunan gwaji, masana suna ta kyautata shi.

To, in an yi sata a gidanku, kada ku taɓa ƙofa ko akwati. Ku gaya wa manya su kira 'yan sanda, don kada yatsunku su ɓata shaida. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.