"Me kake karantawa kwanan nan?": ladabin nuna wa ɗan uwa littafi

Ƴan uwa masallata da ɗalibanmu na madarasa, akwai tambayar da ba ta ƙarewa tsakanin masu son karatu, ko a ƙofar masallaci bayan isha'i ko in an tashi daga darasi: "Me kake karantawa kwanan nan?" Tambaya ce mai albarka. Yawancin littattafan da suka amfane mu ta haka muka san su, wani ne ya ce mana "nemi kaza." Sai dai amsar tana da nauyi. Wanda ka ce ya nemi littafi, ka sa shi kashe kuɗinsa da watanninsa, kuma abin da ya karanta zai shiga cikin sallarsa da mu'amalarsa. Saboda haka bai isa ka faɗi abin da ya burge ka ba, sai ka duba wa kake faɗa wa.

Wannan al'ada ba yau aka fara ta ba. Malaman da suna rubuta littafi sukutum don su bayyana abin da suka karanta. Ibn Khair na Ishbiliya a Andalus, wanda ya rasu a 575 bayan hijira, ya jera littattafai fiye da 1,000 da ya ɗauka daga malamansa. A nan kusa da mu, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ida'un Nusukh, inda ya ambaci malamansa da abin da ya karanta wurin kowane. A ciki za ka ga ya ɗauki Ahalari da Ishmawi da Risala da Ajurrumiyya wurin yayansa Shehu Usmanu, kuma ya ambaci Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda Shehu ya bi har Agadas don karatu. Abin lura shi ne ba sunan littafi kawai suke kawowa ba. Suna faɗin wurin wa, suna kuma nuna wane ya riga wane.

To, tsarin karatun zaure da muka gada shi ma shawarar littafi ce, wadda malamai suka gwada shekaru ɗaruruwa. Yaro ya fara da Ƙawa'idi, ya shiga Ahalari na Abdurrahman al-Akhdari, mutumin Aljeriya, wanda bai wuce ladubba da tsarki da salla ba, ya rufe da ƙabli da ba'adi. Ishmawi ya ƙara masa jana'iza da azumi. Iziyya ta buɗe masa zakka da hajji da aure da ciniki. Sannan Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 386 bayan hijira. Ita fa Risalar nan da muke jin nauyinta, don koyar da yara aka nemi ya rubuta ta. Kowa ya auna kansa. Daga nan sai Askari, wanda wani Bakatsine, Abubakar ɗan Hasan al-Kashnawi, ya yi wa sharhi mai suna Ashalul Madarik. Muhtasar na Halilu yana can ƙarshe, don kalmominsa a dunƙule suke, jimla guda sai ta ci darasin yini.

Yanzu ka ɗauka ɗalibin da bai sauke Ishmawi ba ya tambaye ka, kai kuwa kana cikin daɗin wani sharhin Muhtasar, sai ka ce masa ai shi ne littafi. Gaskiya ka faɗa, amma ka cuce shi. Zai tara ƴan kuɗinsa ya saya, ya buɗe shafi uku ya kasa, ya ajiye a kan kabad. Mafi muni, ya yanke wa kansa hukuncin cewa shi ba mai ƙwaƙwalwar karatu ba ne. Da yawa daga cikin waɗanda suka bar karatu ba lalaci ya kore su ba, tsani aka miƙa musu daga sama. Shi ya sa kafin ka amsa, kai ma ka yi tambaya. Me ya sauke? Yana iya karanta Larabci ba wasali? Ko Hausar boko ko ajami ko Faransanci ya fi masa sauƙi? Ɗan lakwal da ɗan faranko-arab da almajirin allo, duk masallaci ɗaya suke salla, amma ba ƙofa ɗaya za su shiga ba.

Sannan ka gaya masa ko littafin na zama gaban malami ne ko na karatun ɗaki. Fiƙihu da nahawu da aƙida na zama gaban malami ne. Babin gado na Risala, wallahi ko ka iya lissafi sai an warware maka shi. Amma akwai waɗanda mutum zai iya ɗauka shi kaɗai bayan asuba ya amfana. Riyadus Salihin na Imam Nawawi yana cikinsu, domin babi-babi aka tsara shi a kan halaye da ibada. A tarihin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, akwai Ar-Rahiƙul Makhtum na Safiyyur Rahman Mubarakfuri, malami ɗan Indiya, mai sauƙin bi daga haihuwa zuwa wafati. Wanda ya haddace Arba'una, wadda a haƙiƙa hadisai 42 ne, in Larabcinsa ya yi ƙwari sai a nuna masa Jami'ul Ulumi wal Hikam na Ibn Rajab, wanda ya ƙara 8 suka cika 50, ya kuma yi musu sharhi. A ganina wannan yana cikin mafi kyawun abin da za a ba ɗalibin da ya fara tsayuwa da ƙafarsa.

Wani abu kuma da ake sakaci da shi: ka bambanta "na karanta" da "na ji ana yabo." Ba kunya ba ne ka ce juzu'i na farko kawai ka leƙa. Ka kuma faɗi sunan marubuci, don sunayen littattafai suna karo. Fathul Bari biyu ne a kan Sahihul Bukhari: na Ibn Hajar, wanda aka fi sani, da na Ibn Rajab, wanda bai kammala ba, ya tsaya a babin jana'iza. Al-Ashbahu wan Naza'ir akwai na Suyuɗi a mazhabar Shafi'iyya, akwai na Ibn Nujaim a Hanafiyya. Mai shago a kasuwa abin da ke hannunsa zai miƙo maka. Haka waɗanda ake turawa ta waya, wani ba bango, wani shafuka sun ɓace a tsakiya, ka duba kafin ka tura wa wani.

Batun mazhaba kuwa kada a raina shi. Fiƙhus Sunna na Sayyid Sabiƙ littafi ne mai amfani, amma ba a kan tsarin Malikiyya aka gina shi ba. In ka ba yaron da bai san akwai saɓani tsakanin malamai ba, kuma ba ka yi masa bayani ba, gobe zai ga liman ya yi abin da ya saɓa wa shafin da ya karanta, ya fara cewa sallar mutane ta ɓaci. Laifin ba na littafin ba ne. Jimla biyu daga bakin wanda ya ba shi da sun isa: "Wannan yana kawo ra'ayoyi da hujjojinsu, in ka ga ya bambanta da Risala ka kai wa malam."

Shawara kuma takan ƙare da "to ara mini." Ahmad Baba na Timbuktu ya ba da labarin malaminsa Muhammad Bagayogo, cewa yakan ba da aron littattafansa masu tsada, har ga ɗalibin da bai sani ba, kuma ba ya bin sawunsu. Da haka ya rasa da dama. Ba kowa zai iya wannan ba, kuma ba a dora wa kowa ba. Shi mai aro ne ya kamata ya san nasa haƙƙin. Ibn Jama'a, wanda ya rasu a 733 bayan hijira, ya ware babi a Tazkiratus Sami'i wal Mutakallim a kan ladabin mu'amala da littafi: kada mai aro ya riƙe shi fiye da buƙata, kada ya yi rubutu a gefensa ko ya ara wa wani ba da izinin mai shi ba, kada ya mai da shi matashin kai ko mafici. Wanda yake da juzu'i guda na wani a ɗakinsa tun azumin bara, ya tuna sauran juzu'an suna can wurin mai su, ba su da amfani sosai sai ya dawo da shi.