Galahanga a Zongon Kwatano: ba aljanu ba ne, kuma ba kullum ne laifin likita ba

Idan yaro ya kai wata takwas wuyansa bai tsaya ba, hannayensa a dunƙule, ƙafafunsa na harɗewa idan an ɗaga shi, magana biyu ke yawo a gidajen Zongo. Tsofaffi su ce ɗan ruwa ne, aljanu suka musanya shi, kamar yadda maƙwabtanmu Fon ke danganta irin waɗannan yara da Tohosu, abin bautarsu na ruwa. Matasa masu waya kuwa su ce asibiti ne ya lalata shi, a kai ƙara a karɓi miliyoyi kamar yadda ake yi a Ingila. Ta farko ƙarya ce tsagwaronta. Ta biyu tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa ta fi bukatar tankaɗe.

Galahanga rauni ne da ya samu ƙwaƙwalwar jariri tun tana tsiro, ko a ciki, ko wajen haihuwa, ko a farkon rayuwa. Ba ta yaɗuwa, ba shan inna ba ce, raunin kansa ba ya ƙaruwa, kuma da yawa daga cikin yaran hankalinsu garau yake, jiki ne ba ya bin umarni. Likitan Ingila William Little, wanda ya bayyana lalurar a 1862, ya ɗora ta a kan wahalar haihuwa. A 1897 Sigmund Freud ya ce sau da yawa matsalar ta riga naƙuda. Binciken da aka yi daga baya ya gaskata Freud a ƙasashen masu arziki, inda shaƙewar jariri wajen haihuwa ke da ƙaramin kaso. Sai dai kada a kwaso wannan hukunci a dasa shi a Kwatano. A Afirka ta Yamma doguwar naƙuda, shawarar jarirai, sanƙarau da maleriya mai taɓa ƙwaƙwalwa su ne kan gaba, kuma akasarinsu ana iya kauce musu idan ba a yi jinkiri ba.

To, a ina aka yi jinkirin? Wani lokaci a asibiti ne: mace ta iso da wuri, ba wanda ya saurari bugun zuciyar jaririn, aka ƙara mata ruwan naƙuda ba a tsaya a kanta ba, ko aka tsayar da tiyata ana jiran mai biya, alhali tun 2009 gwamnatin Benin ta ɗauki nauyin tiyatar haihuwa a asibitocin da ta amince da su. Wannan sakaci ne, kuma faɗin haka ba jayayya da ƙaddara ba ce, tunda shari'ar Musulunci kanta ta san diyya a kan ɓarnar da aka yi bisa kuskure. Amma wani lokaci jinkirin a ɗaki aka yi shi. Mai haihuwar fari ta ɓoye naƙuda don kunya, aka wuni ana ba ta rubutu da jiƙo, sai da ta galabaita aka nemi mota zuwa asibitin CHU-MEL ko na CNHU. Ko kuma an haihu lafiya, ana shirin suna idon jariri ya yi rawaya, aka shanya shi a hantsi aka ba shi ruwan sukari maimakon a kai shi a sa shi ƙarƙashin fitilar asibiti. Ƙwayoyin kafur ɗin nan da ake jefawa cikin akwatin kayan jarirai ma suna iya tayar da shawara mai tsanani ga wasu yara.

Wani zai ce ai talaka ba ya cin shari'a da likita, don haka zancen hujja ɓata baki ne. Akwai gaskiya a ciki: shari'a tana da tsada da jan ƙafa, kuma likita ne ake kira ya auna aikin ɗan'uwansa. Amma dokar Benin, wadda ta gaji tsarin Faransa, abu uku take nema: kuskure, cutarwa, da shaidar cewa kuskuren ne ya jawo cutarwar. Na ukun ne ke kayar da mutane, kuma takarda ce ke tsayar da shi. Katin awo, lokacin da aka isa asibiti, lokacin da aka yanke shawarar tiyata da lokacin da aka yi ta, ko jariri ya yi kuka da ya faɗo, ko ya yi jijjiga a kwanakin farko, duk waɗannan sun fi shaidar unguwa nauyi a gaban alƙali ko ƙungiyar likitocin ƙasa. Kuɗin da ake ji a Ingila kuwa lissafin kula da yaro ne na tsawon rayuwarsa bisa tsadar can. Duk wanda ya yi wa iyaye alkawarin irinsa a nan, aljihunsu yake hange.

Haka shi ma mai cewa yana da maganin da zai warkar da galahanga ɗungurungum. Babu shi. Abin da ke aiki shi ne gashi da motsa jiki tun da wuri, maganin farfaɗiya ga mai ita, abinci mai kyau da makaranta, kuma dokar Benin ta 2017 kan haƙƙin naƙasassu ta ba yaron wannan haƙƙi. Iyaye, ku adana katin awo da takardar sallama, ku nemi kwafin bayanan haihuwar tun da wuri, ku kai yaron gashi ko da shari'a ko babu.