Gargaɗi ga Toranke: Kada a Sha Rijiyar da Fetur Ya Shiga Sai an Gwada

Jama'ar Toranke da sauran ƙauyukan Ajingi da Gaya, duk rijiya ko burtsatsen da ke kusa da inda mai ya taɓa zubewa, a dakatar da shan ruwansa tun yau, har sai an gwada. Ina nufin maƙwabtan gidan mai mai tsohon tanki a binne, da rumfar 'yan bumburutu, da garejin da ake tuttular da baƙin mai a ƙasa, da gefen titin da tanka ta taɓa kifewa. A Oktoban 2024 tankar mai ta faɗi a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura, can Jigawa kusa da mu, wuta ta ci mutum fiye da 150, Allah ya jiƙansu. Bayan kowane irin wannan hatsari, man da bai ƙone ba ƙasa yake shigewa, kuma a ƙasa mai yashi irin tamu ba ya daɗewa bai kai ga ruwa ba.

In ya kai, sai ya yi ta iyo a kansa kamar man gyaɗa a kan miya, yana narkar da dafinsa a hankali. Mafi sharri a ciki shi ne benzin, sinadarin da ke haddasa sankarar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a maikrogiram 10 cikin lita guda, adadin da hanci da harshe ba sa ji ko kaɗan. Don haka in guga ya fito da wani ƙyalli mai launi-launi a sama, ko shayi ya ɗauki ɗanɗanon kananzir, to abin ya riga ya wuce iyaka nesa ba kusa ba. Tafasawa kuma ba magani ba ce: tururin ne uwargida za ta shaƙa a madafa.

Za ku ji ana cewa a bar shi, ƙasa za ta cinye. Akwai gaskiya a ciki, amma da sharaɗi. Cikin ƙasa akwai ƙwayoyin halitta da ke cin mai, suna narkar da shi da taimakon iskar oksijin. In oksijin ta ƙare sai aikin ya yi sanyi ƙwarai, su koma dogaro da sinadaran ƙarfe da makamantansu. A Bemidji ta jihar Minesota a Amurka, bututun ɗanyen mai ya fashe a 1979. Masana sun shafe shekaru fiye da 30 suna auna wurin, sun ga dafin ya kusa tsayawa wuri guda, amma har yanzu da sauran mai a ƙasa. A ƙasar Ogoni kuwa, rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya sami mai mai kaurin santimita 8 yana iyo kan ruwan ƙasa a Nisisioken Ogale, da benzin ninki sama da 900 na iyaka a rijiyoyin da mutane ke sha. Can ma an bar wa ƙasa ne.

Saboda haka duk wanda ya ce muku wuri ya warke, ku nemi takardar gwaji. Aikin gyaran wuri yana da tsari: a fara toshe yoyon, a kwashe ƙasar da ta jiƙe da mai, sannan a haƙa ƙananan rijiyoyin awo a wurin da ya zube, da ta inda ruwan ƙasa ke fitowa, da ta inda yake gangarawa. A ɗebi ruwa da rani, a sake da damina, domin in ruwan ƙasa ya hau yakan wanko man da ya maƙale a yashi, rijiyar da aka ce ta gyaru a watan Maris ta lalace a Agusta. Awo ɗaya ba hujja ba ne. Sai an ga adadin yana sauka shekara bayan shekara.

Kada kowa ya haƙa sabon burtsatse kusa da wurin, jan ruwan yana janyo dafin zuwa gida. Masu yasar rijiya, don Allah kada ku shiga wadda ke warin fetur, tururin yana sumar da mutum kafin ya kama igiya. Kada kuma a leƙa ta da ashana ko fitilar kwai. Dabbobi ma a canza musu mashaya.

Masu unguwanni da dagatai, ku rubuta ranar da aka fara jin warin da gidajen da abin ya shafa, ku kai ga sashen lafiya na ƙaramar hukuma, da Ma'aikatar Muhalli ta Kano, da hukumar NOSDRA mai kula da malalar mai. Mata masu ciki da ƙananan yara su za a fara samar wa wani ruwan.